Hutun wata uku a wata ƙasa: ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Baban Hafsa, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mazauna wannan ƙasa ta Saudiyya, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana cina a rai, kuma na kawo shi gabanku ne domin na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni zuwa, suka kuma fi ni sanin yadda al'amura suke gudana.

Shekarata 11 ke nan ina aikin akanta a wani kamfanin fiton kaya da ke hulɗa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Alhamdu lillahi albashi ba ya yankewa, kuma ban taɓa samun saɓani da kowa ba. Sai dai tun bara na lura jikina da zuciyata sun daina ɗaukar abin da suka saba ɗauka. Ina kwanciya da gajiya, in tashi da ita. Idan wayata ta yi ƙara bayan sallar isha'i sai gabana ya faɗi, domin na san kwantena ce ta maƙale ko wata takarda ce ba a sa wa hannu ba. Lissafin da a da nake gamawa kafin azahar yanzu yakan kai ni la'asar, kuma sau biyu a cikin watannin nan na yi kuskuren da ban taɓa yin irinsa ba tun ina sabon ma'aikaci. Abin da ya fi damuna shi ne na fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wani zai ce ai akwai hutun shekara. Gaskiya ne akwai, kuma kowace shekara Kano nake tafiya da iyalina. Amma duk wanda ya taɓa komawa gida daga Saudiyya ya san abin da ake tarar wa. Tun kafin a tashi an fara hidimar tsaraba, daga dabino da zamzam zuwa jallabiyoyi da turare. Idan aka sauka kuma, daga gaisuwar rasuwar da aka yi a bayanka sai ɗaurin aure, sai sulhu tsakanin 'yan'uwa, sai duba ginin da ka bar wa wani amana, sai masu sallama tun da sanyin safiya, kowa da buƙatarsa, kuma mafi yawansu buƙatu ne na gaskiya waɗanda ba ka iya kawar da kai daga gare su. Ba kuka nake da zumunci ba, Allah ya sani. Ina dai faɗin gaskiya ne cewa nakan dawo Jidda a gajiye fiye da yadda na tafi, aljihu kuma babu komai.

Bara ban tafi ba saboda aiki ya yi yawa, don haka ina da kwana 30 na bara da kwana 30 na bana. Tunanina shi ne in nemi ƙarin kwana 30 ba tare da albashi ba, in haɗa wata uku cur, in ɗauki maiɗakina da yaranmu uku mu tafi wata ƙasa inda babu wanda ya san ni, mu zauna wuri guda mai sanyi, in yi barci, in yi karatun Alƙur'ani a natse, in ga ko zan dawo hayyacina. Fasfo ɗin Nijeriya gare mu.

Shin doka ta ba da wannan damar, kuma mene ne hatsarinsa ga iƙama, wato takardar izinin zama a nan, da aikin kansa? Wace ƙasa ce ta dace da mai iyali wanda ba yawon kallo ya fito ba? Sannan akwai abin da ban san yadda zan ɓullo masa ba, wato yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa na sami hutu mai tsawo haka amma ba gida na nufa ba.

Tsohon Ma'aikaci, Riyad

Wa alaikumus salam. Malam Baban Hafsa, Allah ya ba ka lafiya ya yaye maka wannan gajiya. Na shafe shekaru a sashen kula da ma'aikata, saboda haka zan tsaya a kan takardu, sauran kuma in bar wa waɗanda suka fi ni sani.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci hutun shekara na kwana 21, wanda yake zama kwana 30 idan ya cika shekara biyar a jere a wuri ɗaya, kuma ana biyan kuɗin hutun kafin a tafi. Ta kuma yarda a ɗage hutu zuwa shekarar da ke biye idan mai aiki ya amince. Saboda haka kwanakinka 60 halal ɗinka ne, matuƙar ɗagewar ta bara tana rubuce a fayil ɗinka. Ka fara tabbatar da wannan, domin na sha ganin wanda ya dogara da maganar baki, ranar da ya zo nema kuma manajan da ya yi masa alkawari ya riga ya bar kamfanin. Ka kuma tuna cewa mai aiki ne yake da ikon tsayar da lokacin hutu bisa buƙatar aiki, don haka kada ka sayi tikiti kafin a sa maka hannu.

Kwana 30 na ƙari kuwa wani abu ne daban. Hutun da babu albashi ba haƙƙi ba ne da za ka tilasta, yarjejeniya ce tsakaninka da su. Kuma doka ta ce abin da ya haura kwana 20 na irin wannan hutu ana ɗaukar kwantiragin a matsayin wanda aka dakatar, sai fa idan kun yi wata yarjejeniya saɓanin haka. Wannan yana iya taɓa lissafin kuɗin sallamarka na ƙarshen aiki, wanda ga mai shekarunka ake lissafa shi da rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kowace shekara bayan haka. Ba zai cinye maka abu mai yawa ba, amma gara ka shiga da saninka. Inda hatsarin gaske yake shi ne jinkirin dawowa. Wanda ya yi fashin aiki fiye da kwana 15 a jere ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce, ana iya sallamarsa ba tare da wannan kuɗi ba. Shekara 11 ba abin da za a yi wasa da shi ba ne saboda jirgi ya kuɓuce ko yaro ya kwanta ciwo a ƙasar da ba ka da kowa. Lallai ranar dawowarka ta kasance a rubuce, kuma ka sauka aƙalla kwana huɗu ko biyar kafin ta.

Sai bizar fita da dawowa, wadda muke kira khuruj wa auda. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane wata na ƙari kuma riyal 100, kuma ba ta wuce wa'adin iƙama. Taka kamfani ne yake da alhakin kuɗinta, ta iyali kuwa kai za ka biya ka fitar ta manhajar gwamnati ta Absher. Shawarata ita ce ko da wata uku za ka yi, ka yanki ta wata huɗu. Riyal 400 ke nan a kan kowane mutum, wato 1,600 na mutum huɗu, kuma hakan ya fi sauƙi a kan ka tsinci kanka kana neman ƙari daga waje, inda kuɗin yake ninkawa, kuma kana jiran wani ya tausaya ya danna maka. Ka duba ranar ƙarewar iƙamarka da ta kowane yaro, domin idan ta ƙare kana waje banki yana iya rufe asusunka, katin da kake cin abinci da shi ya daina aiki. Ka biya duk tarar hanya da ke kanka tun da wuri, domin tana hana fitowar bizar.

Akwai wani ƙaramin abu da mutane suke mantawa har sai ya zame musu babba, wato layin waya. Duk lambar sirri da banki ko Absher za su turo maka, a kan layinka na Saudiyya take zuwa. Ka tabbatar layin zai ci gaba da karɓar saƙo a waje, kuma kada ka bar shi a aljihun tebur a Jidda da sunan gudun kiran ofis.

A ƙarshe ka zauna da biro da takarda. Kuɗin zaman iyali riyal 400 ne a kan kowane mutum a wata, ko yana ƙasar ko ba ya nan, wato 4,800 ke nan a wata uku ga mutum huɗu. Hayar gidanka ta Jidda tana tafiya, abin da kake aikawa gida ba zai tsaya ba, sannan ga wata guda babu albashi, ga haya ta biyu a can. Kai akanta ne, ba sai na koya maka lissafi ba. Ni dai da ni ne, da kwana 60 ɗin zan riƙe in bar sauran. Ka kuma sani ba kai kake yanke tsawon zamanka a ƙasar mutane ba, biza ce take yankewa. Ko ƙasashen Turai masu bizar Shengen iyakarsu kwana 90 ne a cikin 180, kuma ƙasashe da dama abin da suke ba mai fasfo irin namu bai wuce wata guda ba.

Maman Sadik, Dammam

Assalamu alaikum. Yaya Baban Hafsa, na karanta bayaninka sau biyu, domin kamar labarina kake bayarwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma shekara uku da suka wuce na kai matsayin da idan na tsaya a ƙofar asibiti da safe sai in ji ƙafafuna sun ƙi shiga.

Kafin maganar ƙasa, ina roƙonka ka fara zuwa wurin likita. Gajiyar da barci ba ya kawar da ita, da mantuwa, da saurin fushi, suna iya zama na aiki, amma kuma suna iya zama alamar hawan jini, ko ciwon sukari, ko ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo, ko ƙarancin sinadarin bitamin D, wanda ya yi yawa a tsakaninmu duk da zafin ranar ƙasar nan, saboda daga gida sai mota sai ofis muke. Gwajin jini na rana ɗaya zai raba maka gardama, kuma inshorar aikinka za ta biya a nan, alhali galibin irin wannan inshora ba ta bin mutum zuwa waje. Idan kuma damuwa ce ta yi zurfi har ta kai ga ba ka jin daɗin komai, wannan ma ciwo ne da ake yi wa magani, kuma babu abin kunya a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana irin wannan ƙonewar da aiki yake yi wa mutum da alamomi uku: ƙarewar kuzari, da jin zuciya ta yi nesa da aikin har ana ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo. Abin lura a bayanin nasu shi ne sun danganta abin da yanayin wurin aiki. Ma'ana, idan ka tafi ka dawo ka tarar da wayar nan tana ƙara bayan isha'i kamar da, cikin 'yan makonni za ka koma inda ka fito. Ni na ga haka a kaina.

Mu Turkiyya muka je, ni da maigidana da yara biyu, kuma kwana 30 bizarmu ta ba mu. Mutane da yawa sun ce mu tafi Tarabzon, amma da muka ga yadda mutanen ƙasashen Larabawa suke cika ta da rani har haya ta yi tsada, sai muka zaɓi Bursa. Daga nan zuwa Istanbul kamar awa huɗu ne a jirgin sama, daga Istanbul kuma muka shiga jirgin ruwa na kusan awa biyu zuwa Mudanya, sannan mota ta ƙarasa da mu. Gari ne a gindin dutsen Uludag, wanda tsayinsa ya haura mita 2,500, kuma tsohuwar hedikwatar daular Usmaniyya ce kafin su ci Istanbul. Mun kama gida mai ɗaki biyu da kicin na wata guda maimakon otal, kuma wannan ne ya rage mana kashe kuɗi ƙwarai, domin ni nake girki, kasuwa kuma cike take da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Babu fargabar abinci, babu wahalar neman masallaci. Maigidana yakan taka zuwa babban masallacin garin mai ƙubba 20, wanda aka gina tun ƙarshen ƙarni na 14, ya zauna daga azahar har la'asar. Akwai kuma wuraren wanka na ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a unguwar Cekirge, na maza daban na mata daban. Wahalar da muka sha ita ce ta harshe, domin ba kowa yake jin Larabci ko Turanci ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai kallo, musamman ga yara, ko da yake ba mu haɗu da wanda ya ci mana fuska ba.

Ga abin da na koya game da tsawon hutu. Makon farko ban huta ba ko kaɗan, domin ina farkawa a lokacin da na saba tashi aiki, hannuna kuma yana kan waya. A mako na biyu ne barci ya dawo mini. Mako na uku shi ne mafi daɗi. A na huɗu yara sun fara tambayar gida, ni kaina na fara kewar ɗakina da maƙwabtana. Ban ce kowa haka yake ba, amma ina shakkar wata uku a garin da ba ka da aboki ko sana'a zai ƙara maka abin da wata guda bai ba ka ba. Zaman banza ma yana da tasa gajiyar.

Sannan ina da tambaya, kuma ka yi haƙuri da ita. Ka zauna da Maman Hafsa ka ji ra'ayinta? A bayaninka na ga barcinka da karatunka, amma ban ga nata ba. Idan aka kai mace baƙon gari da yara uku, babu makaranta, babu maƙwabciya, babu 'yar'uwa, ga girki ga wanki, to kai ne ka yi hutu, ita wurin aiki kawai aka sauya mata. Wataƙila ma ita abin da take ɗokin gani a shekara shi ne ɗakin mahaifiyarta. Kuma hutun makarantu na rani bai kai wata uku ba, daga ƙarshen Yuni ne zuwa wajen ƙarshen Agusta.

Ɗan Mai Wurno, Madina

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ni Bahaushen Sudan ne. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa suka yi gabas a farkon ƙarnin da ya wuce, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Zan yi magana a kan tambayarka ta uku kawai, domin ita ce ta taɓa ni.

Kafin watan Afrilu na 2023 ni ma ina cikin masu ƙorafin da kake yi. Duk hutu sai in hau jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin da kaya niƙi-niƙi, in isa gida in tarar da layin masu jira, in dawo ina cewa baɗi ba zan je ba. Da yaƙi ya ɓarke, aka wayi gari gidan da nake gudun hayaniyarsa babu kowa a cikinsa. 'Yan'uwana sun watse, wasu Gadarif, wasu Bur Sudan, wasu Masar. Mahaifiyata ta rasu a hannun ƙanwata ban samu ganinta ba, kuma hutun ƙarshe da na samu damar zuwa ban je ba, na ce sai na huta tukuna. Ba na faɗin wannan don in ɗora maka nauyi, kuma ban ce gajiyarka ba gaskiya ba ce. Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, wannan koyarwar addininmu ce. Amma shekara biyu ke nan Hajiya mahaifiyarka ba ta sa ka a ido ba, tunda ka ce bara ba ka je ba, kuma babu wanda ya san abin da gobe za ta haifar.

Abin da nake gani shi ne ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Ka fara da gida. Ka je Kano na kwana goma ko mako biyu, ka sauka a wurinta, kada ka yi shelar zuwanka, kuma ka wakilta ƙaninka ko wani amintacce ya tsaya tsakaninka da masu buƙata, ka ba shi abin da ka ware domin hakan tun daga nan, idan ya ƙare ya ƙare. Sannan ka gaya mata gaskiya da bakinka, kana zaune a gabanta, cewa aiki ya ci jikinka kuma kana son ka je wani wuri ka yi jinyar kanka. Kada ka ɓoye mata, kada kuma ka bari ta ji a bakin wani ko ta ga hoto a wayar jikokinta, domin wannan ne zai yi mata ciwo, ba tafiyar ba. Uwa ta fi kowa gane ramar ɗanta. Ina kyautata zaton ita da kanta za ta ce ka tashi ka tafi, ta kuma bi ka da addu'ar da ta fi maka iskar kowane dutse.

Malam Na Zage, Makka

Assalamu alaikum. Ina goyon bayan abin da ɗan'uwanmu na Madina ya faɗa, Allah ya jiƙan mahaifiyarsa ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Zan ƙara abu biyu a taƙaice.

Idan har tsawon zama ne ya fi maka muhimmanci, fasfo ɗinka yana ba ka kwana 90 ba tare da biza ba a ƙasashen ECOWAS, kuma Senegal tana cikinsu. Ƙasar Musulmi ce, ga teku, kuma duk wanda ya je Madina Baye a Kaulaha ya san ba zai rasa mai jin Hausa ba. Sai dai lokacin hutun yara ya faɗo a daminarsu, ga zafi ga sauro, kuma Dakar ba gari ne mai araha ba. Ta fi daɗi daga Disamba zuwa Afrilu. Duk inda za ka a Afirka kuma ka riƙe katin rigakafin shawara na kowa da kowa, domin za a iya tambayarka a can, a kuma tambaye ka a nan idan ka dawo.

Na biyu, maganar salla. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyi idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa. Saboda haka wanda ya kama gida na wata guda ba ya ƙasaru a cikinsa, sai dai a hanyar zuwa da ta dawowa. Ka kuma nemi gida kusa da masallacin da za ka iya takawa, domin mutumin da ya saba da jam'i a ƙasar nan yakan ji wani irin kaɗaici idan ya rasa shi, kuma sahun salla ne wurin da baƙo ya fi saurin samun wanda zai gaisa da shi.

Baban Hafsa, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowannenku da alheri. Ɗan'uwana na Madina, na kasa ci gaba da karatu da na kai tsakiyar bayaninka, sai da na tashi na kira Hajiya. Allah ya gafarta wa mahaifiyarka, ya haɗa ku a Aljanna, ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Maman Sadik, tambayarki ta same ni inda ban zata ba. Gaskiya ban tambaye ta ba, sanar da ita kawai na yi, ita kuma ta ce to. Daren jiya muka zauna, sai ga shi abin da take so shi ne ta yi wata guda a gidansu a Gwale, yara su saba da kakanninsu, su kuma gyara Hausarsu da ta fara cakuɗewa da Larabci. Na kuma je asibiti shekaranjiya, an ɗebi jini, an ce jinina ya ɗan hau, kuma likita ya ce in dawo bayan mako biyu a sake aunawa kafin a yanke shawarar magani.

Ga inda muka tsaya. Na janye maganar hutun da babu albashi, zan tsaya a kan kwana 60, kuma na tarar ɗagewar bara tana rubuce kamar yadda Alhaji na Riyad ya ce in duba. Za mu tafi Kano gaba ɗaya a ƙarshen Yuni, in yi mako biyu a wurin Hajiya, ƙanina kuma ya karɓi hidimar jama'a. Daga nan ni da Maman Hafsa za mu wuce Bursa na mako huɗu idan biza ta samu, yara su zauna a wurin kakanninsu, domin ita ma ta ce rabonta da ta ci abincin da ba ita ta dafa ba har ta manta. Sauran kwanakin za mu ɗauko yara mu dawo Jidda, in yi kamar kwana goma a gida kafin in koma ofis. Na kuma rubuta wa manaja takarda ina neman a raba kiran dare tsakanina da abokan aikina biyu, kowa da makonsa, kuma ya ce za mu zauna a kai ranar Lahadi.

Abin da ya rage mini shi ne bizar Turkiyya. Tunda daga Kano za mu tashi zuwa Istanbul ba daga nan ba, shin ya fi dacewa mu nema a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Jidda da iƙamarmu kafin mu bar ƙasar, ko kuwa hakan zai kawo mana tambayoyi a filin jirgi? Maman Sadik, makonni nawa taku ta ɗauka kafin ta fito, kuma wace unguwa kuka kama gida a Bursa?